Allurar bacci: abin da take yi wa jiki da inda matsala ke ɓullowa

Tambaya: "Likita, an sa wa mahaifiyata ranar tiyatar gwiwa, shekarunta 64, tana da hawan jini da suga. Wuƙar ma ba ta dame ta ba kamar allurar baccin, kullum cewa take tana tsoron kar ta ƙi farkawa. Me allurar nan take yi wa jikin mutum ne? Kuma da gaske ne allurar baya tana barin mutum da ciwon baya har ƙarshen rayuwarsa?"

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Mama lafiya. Wannan fannin shi ne aikina, kuma tsoron da Mama take ji ba na ɗaukarsa da wasa, kusan duk wanda zan sa bacci sai na ga wannan tsoron a idonsa ko bai furta ba. Zan yi miki bayani dalla dalla, ki yi haƙuri da tsawonsa.

Sunan da muke kiran abin ma shi ne ya fara ruɗa mutane. Muna cewa allurar bacci, wasu su ce banju, amma gaskiya ba bacci ba ne. Mai bacci in kin mintsine shi zai farka, in miyau ya sarƙe shi zai yi tari, in hannunsa ya danne zai juya da kansa, in ya ji sanyi zai jawo mayafi bai ma sani ba. Wanda muka sa wa banju duk wannan babu. Maganin yana kashe hankalinsa, kuma tare da hankalin yana kashe masu gadin jikin nan da suke aiki ba tare da saninmu ba. To daga lokacin da ido ya rufe, numfashin mutum da hawan jininsa da ɗumin jikinsa da tsaron maƙogwaronsa duk sun dawo hannun wanda ke tsaye wajen kansa. In kin riƙe wannan, duk matsalolin da zan ambata za ki ga daga nan suke fitowa, ba wai haka kawai suke faɗowa ba.

Kuma ba allura ɗaya ba ce kamar yadda ake zato. Galibi abu uku muke haɗawa. Akwai mai gusar da hankali, wanda aka fi amfani da shi yanzu shi ne furofofol, wani farin ruwa kamar madara da ake turawa ta jijiya, cikin daƙiƙa 30 zuwa 40 mutum ya tafi, yana ɗan yin zafi a hannu lokacin shiga. Shi kaɗai mintuna kaɗan yake yi ya sake, shi ya sa ake ci gaba da riƙe mutum da iskar bacci irin su isofuluren ko sebofuluren, ko a ci gaba da ɗiga furofofol ɗin da na'ura. Sai mai kashe zafi, dangin mofin da fentanil. Sai na uku mai sakar da tsoka, wanda ke sa duk naman jiki ya saki har da naman da muke numfashi da shi. Kowanne da nasa amfanin da nasa illar.

Numfashi shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina a mintunan farko. Furofofol yana shiga yawanci numfashi yakan tsaya na ɗan lokaci, harshe ya saki ya koma baya ya toshe hanya. Mun san haka zai faru, shi ya sa kafin komai za a kifa wa Mama abin shaƙar oksijin a fuska a ce ta yi ta jan numfashi mai zurfi kamar minti 3. Wasu suna zaton wannan ɗin ne maganin baccin, a'a, guzuri ne muke cika wa huhu don ya riƙe ta a ɗan tsakanin da za mu saka robar numfashi. Mai lafiya wannan guzurin yakan kai shi mintuna da dama, amma mai ƙiba sosai da mai ciki da jariri nasu yana ƙarewa da wuri. Kuma wannan dube duben da likita ke yi kafin ranar, buɗe baki, fito da harshe, ɗaga kai sama, turo haƙoran ƙasa gaba, ba ɓata lokaci ba ne, yana auna ko robar za ta shiga da sauƙi ne ko zai sha wuya, don ya tanadi kayan da suka dace tun kafin a fara. Wanda aka kasa saka wa roba kuma aka kasa hura masa iska shi ne abin da kowane likitan banju ya fi tsoro a duniya, ba ya yawan faruwa, amma saboda shi ake duk wannan shirin.

Ko robar ta shiga lafiya huhu yakan canza. Mutum yana kwance rigingine tsoka ta saki, sai kayan ciki su turo tantanin da ke tsakanin ƙirji da ciki zuwa sama, ƙasan huhu ya ɗan lotse. Kusan mutum 9 cikin 10 da aka sa wa banju na gaba ɗaya wannan yana faruwa da su, yawanci ya buɗe da kansa. Amma in mutum ya farka ya ƙi yin tari saboda zafi, ya kwanta kwana da kwanaki bai motsa ba, majina ta taru a wajen sai ta koma ciwon huhu. Shi ya sa nas za ta takura wa Mama ta zauna, ta ja dogon numfashi, ta yi tari, kada ku ga kamar rashin tausayi ne. Ƙananan abubuwa kuma akwai kaikayin maƙogwaro da dishewar murya na kwana 1 ko 2, da fashewar leɓe, wani lokaci haƙori mai girgiɗa ya fita. In tana da haƙorin roba ko mai motsi ta faɗa. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, wanda kuma mura ta kama shi da tari da zazzaɓi gab da ranar ya sanar, don hanyar iskarsa takan yi saurin tsukewa, sau da yawa ɗaga aikin ya fi alheri.

Yanzu maganar hana cin abinci, a nan zan daɗe don nan ne mutane suka fi yi mana ɓoye ɓoye. A farke, akwai wani zobe na tsoka a bakin tumbi da ke hana abinci dawowa, in ma ya dawo maƙogwaro zai rufe hanyar iska mutum ya yi tari. Banju yana raunana duka biyun. To in ciki a cike yake abin da ke ciki zai iya gangarowa shiru ba yunƙuri ba komai ya zuba cikin huhu, ga shi ruwan tumbi yana da tsami mai ƙuna, sai ya ƙone huhun. Wani likita a Amurka, Curtis Mendelson, shi ya yi bayanin wannan a 1946 bayan ya bi haihuwa 44,016 ya sami mata 66 da hakan ta faru da su, har yau da sunansa ake kiran ciwon. Ƙa'idar da aka fi bi: awa 6 ba abinci ba madara, in abincin mai maiƙo ne ko nama mai nauyi awa 8, nonon uwa ga jariri awa 4, ruwa zalla kuma ana iya sha har zuwa awa 2 kafin aiki. Kin ga ke nan ba a ce mutum ya kwana ya wuni da ƙishi ba, wannan ma illa ce, yana sa jini ya faɗi da an fara.

Na taɓa sa wani matashi bacci, na tambaye shi sau biyu ya ce bai ci komai ba tun dare, ashe wani ɗan'uwansa ya tausaya masa ya ba shi abu da safe. Ina buɗe bakinsa zan saka roba na ga abinci yana tahowa. Mun juya kan gadon ƙasa, mun zuƙe, Allah ya taimaka kaɗan ne ya shiga, amma aikin da ya kamata ya koma gida a ranar sai da ya yi kwanaki a kan oksijin. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi, domin da ya faɗa ba abin da zai faru sai ɗaga aikin da 'yan awanni. Dan Allah in Mama ta manta ta ci wani abu a faɗa, ba wanda zai yi mata faɗa. Kuma ita tana da ƙarin dalili, suga in ya daɗe yakan taɓa jijiyoyin tumbi abinci ya riƙa jinkirin wucewa. Haka sababbin alluran suga da rage ƙiba irin su Ozempic suna riƙe abinci a ciki fiye da ƙa'ida, in tana yi lallai likita ya sani tun da wuri.

Sai zuciya da jini. Kusan duk magungunan nan suna buɗe jijiyoyin jini su kuma ɗan rage ƙarfin bugun zuciya, kamar a ce ruwa ɗaya ne amma an ƙara faɗin bututu, dole ƙarfin gudunsa ya ragu. Don haka jini yakan sauka da an fara, sai kuma lokacin saka roba ko yankan farko ya yi sama. Matashi jikinsa yana daidaita wannan da kansa. Mai hawan jini na shekaru jijiyoyinsa sun yi tauri, nasa hawa da saukar ya fi tsanani, kuma ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa da zuciyarsa sun saba da jini mai ƙarfi, in ya faɗi ya daɗe a ƙasa su ne ke jin jiki. Shi ya sa dattijai muke rage musu magani mu tura a hankali, ana awon jini aƙalla duk minti 5, ga allurar ɗaga jini irin efedirin a zuƙe a ajiye kusa da hannu tun kafin a fara. Maganin hawan jinin nata kuma kada ta yanke hukunci da kanta. Akwai waɗanda ake so a sha har safiyar ranar da ɗan kurɓin ruwa, musamman masu rage gudun zuciya irin su atenolol, tsayar da su kwatsam haɗari ne. Akwai kuma irin su lisinofiril da losatan da likitoci da yawa ke cewa a tsallake na ranar don kar jini ya faɗi da yawa. Ku kwashi kwalayen gaba ɗaya ku kai, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari, likita ya ware da kansa.

Ban so na wuce ketamin ba, shi ma maganin banju ne mai gusar da hankali, amma ya bambanta da sauran. Ba ya saukar da jini, ɗagawa ma yake, kuma galibi yana barin mutum yana numfashi da kansa, shi ya sa yake da daraja wajen wanda ya zubar da jini da yawa. Illarsa ita ce mafarkai masu firgitarwa da gane gane lokacin farkawa, da yawan miyau. Labaran da kike ji na wane ya farka yana ihu yana sambatu, da yawansu shi ne.

Suga kuma ta fuska biyu yake zuwa. Wahalar tiyata tana sa jiki ya saki sinadaran da ke ɗaga suga, suga mai yawa kuma yana hana ciwo warkewa ya jawo ƙwayoyin cuta, ga shi in gwiwar ƙarfe za a sa wa Mama, irin wannan gwiwar ba ta son cuta ko kaɗan. Ta ɗaya ɓangaren in ta sha maganin suga ko ta yi insulin yadda ta saba alhali ba ta ci abinci ba, sugan zai iya faɗuwa tana cikin banju, ba za ta iya cewa ina jin jiri ko jikina na rawa ba. Mu ne za mu riƙa aunawa. Akan yi ƙoƙari a sa masu suga a farkon layi da safe saboda haka. Irin ƙwayoyin nan masu fitar da suga ta fitsari kuwa kwana 3 kafin aiki ake dakatar da su.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba, sanyi. Banju yana rikita ma'aunin ɗumi na ƙwaƙwalwa, jijiyoyin fata su buɗe, ɗumin cikin jiki ya gudo waje, a awa ɗaya ta farko kaɗai ɗumin jiki zai iya sauka da digiri 1 zuwa 1.5. Ƙasa da 36 jini ba ya daskarewa da kyau, zubar jini ta ƙaru, ciwo ya fi saurin ruɓa, magani ya daɗe bai fita ba. Karkarwar da za ki ga tana yi bayan an fito da ita yawanci wannan ne, a lulluɓe ta, akwai kuma allurar da ke tsayar da ita.

To mu zo kan allurar baya, don a aikin gwiwa akwai yiwuwar ita za a ba ta shawara, kuma ni in ba wani dalili da ya hana, ita nake fi so wa mutum irin Mama. Wani likitan tiyata Bajamushe, August Bier, shi ya fara ta a 1898, har ya sa aka gwada a jikinsa. Yadda take shi ne, lakar da ke cikin ƙashin baya ba ta kai har ƙasa ba, a babban mutum tana ƙarewa ne wajen ƙashin ƙugu na 1 zuwa na 2, mu kuma muna shiga ƙasa da nan, tsakanin na 3 da na 4 ko na 4 da na 5, inda sai ruwa da zaren jijiyoyi suna lilo a ciki. Ana zuba ɗan magani da bai wuce mililita 2 zuwa 3 ba, ƙafafu su yi ɗumi, su yi nauyi, su mutu, tsawon awa 2 zuwa 3 ko fiye kaɗan. Tana farke tana numfashi da kanta, ba roba a maƙogwaro, amai ya ragu, zafin awannin farko ma babu. In ba ta son jin ƙarar kayan aiki ana iya ba ta ɗan abin da zai sa ta gyangyaɗi. Za ta iya jin ana taɓawa ko ana ja, wannan daidai ne, zafi ne bai kamata ta ji ba, in ta ji ta faɗa nan take.

Ita ma tana da nata. Jini yakan faɗi a mintunan farko don jijiyoyin rabin jiki sun buɗe gaba ɗaya, alamar farko sau da yawa tashin zuciya ce ko hamma, muna gyarawa da ƙarin ruwa da allura. Wani lokaci maganin ya hau sama fiye da yadda ake so, hannu ya fara mutuwa numfashi ya yi nauyi, sai a taimaka wa mutum da numfashi har ya sauka. Wani lokaci kuma ba ta kamawa sosai sai a koma na gaba ɗaya. Fitsari yakan ƙi fita na wasu awanni har a sa roba. Sai ciwon kan nan da ya yi suna, wanda shi kansa Bier sai da ya kwantar da shi kwanaki: ruwan laka ne ke ɗiga ta ɗan hujin da allura ta bari, alamarsa ba ta ɓuya, in mutum ya tashi zaune kai ya sara kamar zai tsage, in ya kwanta ya lafa. Yakan fara cikin kwana 1 zuwa 3. Ya fi kama matasa musamman mata, a shekarun Mama ya yi ƙaranci, kuma siraran alluran yanzu masu baki kamar fensir sun rage shi sosai. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu yake tafiya da hutu da ruwa da maganin ciwon kai, in ya ƙi akan ɗebi jinin mutum kamar mililita 15 zuwa 20 a zuba a wajen ya toshe hujin.

Maganar ciwon baya na har abada kuwa, na san ta zauna a zukatan mutane, kuma ba na ƙaryata wanda ya ce bayansa na ciwo. Amma binciken da aka yi ta yi, musamman a kan mata masu haihuwa, bai nuna allurar ce ke jawo ciwon baya mai daɗewa ba. Abin da take yi shi ne tsamin wajen na 'yan kwanaki, kamar kowace allura. Wanda aka sa wa banju na gaba ɗaya ma yakan tashi da ciwon baya, don ya kwanta awanni a kan gado mai tauri tsoka a sake. Mai jego kuma ciki ya riga ya ja bayanta wata 9 ga ɗaukar jariri ga sunkuyo, amma allurar ita ake tunawa. Lahani na dindindin ga jijiya yana faruwa, ba zan ɓoye miki ba, sai dai wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2009 ya same shi tsakanin mutum 2 zuwa 4 cikin 100,000. Babban abin da ke jawo shi shi ne jini ya taru ya danne laka, ko ƙwayar cuta ta shiga. Shi ya sa tambayar maganin tsinka jini take da nauyi, wafarin, kilofidogirel, hefarin da ire irensu, kowanne da adadin kwanaki ko awannin da ake jira.

Akwai kuma matsalolin banju da ba sa yawan faruwa amma in sun zo da gudu suke zuwa. Na farko jiki ya ƙi wani magani, jini ya faɗi warwas, ƙirji ya tsuke, wani lokaci da borin jini. Wajen 1 cikin 10,000 ne, kuma abin mamaki sau da yawa ba maganin baccin ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake bayarwa kafin yanka, sai masu sakar da tsoka, sai sinadarin wanke fata. Maganinsa adirenalin, dole ne ya kasance a kowane ɗakin tiyata. Na biyu wani zazzaɓi ne na gado da aka fara ganewa a Ostareliya a 1960, a wani dangi da mutum 10 suka rasu a dalilin banju. Masu wannan gadon lafiyarsu ƙalau, sai ranar da suka shaƙi iskar bacci ko aka yi musu wata allurar sakin tsoka mai suna sukusametoniyom, sai tsokarsu ta ƙandare ta yi ta ƙona ƙarfi, zuciya ta yi gudu, zafin jiki ya yi ta hawa. Akwai maganinsa, dantirolin, kuma in an san da gadon tun farko sai a kauce wa waɗannan magungunan gaba ɗaya. Ita wannan sukusametoniyom ɗin akwai kuma dangin da jikinsu ba ya iya narkar da ita da wuri, maimakon minti 5 sai ta riƙe su awanni, a bar su a kan na'urar numfashi har ta sake su. Kin ga dalilin da ya sa muke tambaya ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da banju. Ku tambayi manya a gida tun yanzu, amsar nan tana ceton rai.

Farkawa ana tsakiyar aiki ma mutane na tambaya. Yana faruwa, a Birtaniya rahoton 2014 ya sami wajen 1 cikin 19,000 da suka kai ƙorafi da kansu, binciken da ake bin marasa lafiya ana tambayarsu kuma yakan sami fiye da haka, 1 zuwa 2 cikin 1,000. Ya fi faruwa inda aka ba da mai sakar da tsoka, da aikin gaggawa, da tiyatar haihuwa da ta zuciya inda dole a rage magani. Duk wanda ya ce ya tuna wani abu a saurare shi da gaske, kada a ce mafarki ya yi, don abin yana iya zama masa ciwo a rai na shekaru.

Yanzu ainihin tsoron Mama, ƙin farkawa. Maganin ba ya zama a jiki, iskar ta huhu take fita, sauran hanta da ƙoda su sarrafa, mai sakar da tsoka kuma akwai allurar da ke warware shi. Yawancin mutane cikin minti 10 zuwa 20 da kashe magani suke buɗe ido. In an sami jinkiri dalilan sanannu ne, sauran magani a jikin dattijo ko mai ciwon ƙoda, sanyi, suga ya faɗi, numfashi bai isa ba, kuma ɗaya bayan ɗaya ake bi a gyara. A 1954 wani bincike a Amurka ya sami mutuwa 1 cikin banju 1,560. Yau ga mai ƙoshin lafiya da aka shirya aikinsa a wajen da ke da kayan aiki, ana maganar wajen 1 cikin 100,000. Abin da ya kawo wannan sauyin ba sabon magani kaɗai ba ne, horo ne da na'urori, musamman ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa mai nuna oksijin, da mai auna iskar da mutum ke fitarwa wanda ke tabbatar da roba tana hanyar iska ba hanyar abinci ba. Gaskiyar da zan ƙara ita ce wannan adadin ba ko'ina ya kai haka ba, inda babu kayan awo ko ƙwararre haɗarin ya fi haka nesa, kuma Mama da hawan jini da suga nata ya ɗan ɗara na mai lafiya, gwargwadon yadda aka daidaita su kafin ranar. Don haka haƙƙinku ne ku tambaya wa zai ba da banjun, zai tsaya daga farko har ƙarshe, akwai oksijin da na'urorin awo, akwai ɗakin farfaɗowa da nas a ciki. Ni in aka yi mini waɗannan tambayoyin daɗi nake ji.

Bayan an fito, amai da tashin zuciya su ne ruwan dare, wajen mutum 3 cikin 10 in ba a ba da rigakafi ba. Mace, wadda ba ta shan taba, mai amai a mota ko wadda ta taɓa yi bayan tiyata, da wadda aka ba dangin mofin, kowane ɗaya yana ƙara yiwuwar, mai duka huɗun takan kai kashi 80 cikin 100. In Mama na ciki ta faɗa a haɗa mata rigakafi kala biyu ko uku. In kuma tana munshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa cikin bacci wannan ma a faɗa, don dangin mofin suna ƙara danne numfashin irinsu, daren farko sai an sa ido.

Abin da nake so ke da kanki ki lura da shi shi ne ruɗewa. Dattijai bayan babban aiki, a kwana na 1 zuwa na 3, wasu sukan rikice, su kasa gane inda suke, su yi ta fizge robar ƙarin ruwa da dare, wasu kuma akasin haka, su yi shiru su yi ta bacci ba sa kula kowa, wannan na biyun shi ake yawan kuskurewa a ce gajiya ce. Ba hauka ba ne kuma yawanci yana wucewa, amma alama ce ta a duba wani abu, zafi ne, fitsari ne ya taru, cuta ce ta shiga, oksijin ne ya yi ƙasa, suga ne ko gishirin jini. Ku kuka san Mama, in kin ga ba ita ba ce ki gaya wa nas ko da awo ya nuna komai daidai. A mayar mata da tabaraunta da abin jinta in tana sawa da zarar ta farka, a riƙa gaya mata ranar da lokacin, ta ga fuskar da ta sani, a bar ta ta yi baccin dare. In an sallame ku kuma, ciwon kai mai tsananta in ta zauna, ƙafa ta sake mutuwa ko ta yi rauni bayan ta riga ta dawo, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, zazzaɓi da ciwon baya mai ƙaruwa, kumburin ƙwauri ɗaya, ciwon ƙirji ko haki, ko ɗaya daga ciki kika gani a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta muku a kati.